Ranar da Aka Wasa wa Jar Akuya Wuƙa

A gidanmu, idan akuya ko tunkiya ta kama hanyar mutuwa, Baba ba ya yanka ta da hannunsa. Aikawa yake a kira Baffa, wani dattijon Bafulatani da gidansa yake bayan gonarmu. Shi Musulmi ne, idan ya yanka kowa a unguwa zai ci naman, masu zuwa coci irinmu da masu zuwa masallaci. Haka muka taso muka tarar ana yi a ƙauyenmu na gefen Malumfashi. Shi ya sa duk dabbar da ta ga Baffa ya shigo da wuƙa a hammata, sai ta fara neman gafarar 'yan'uwanta.

Jar akuyar ta autanmu ce, ɗan shekara shida. Kaka ta ba shi ita tun tana 'yar mitsitsiya. Tare suke cin gyaɗa, kuma asirin da yake gaya mata a kunne ko Mama ba ta sani ba.

Wata Asabar cikin damina, an kwana ana ruwa, Mama ta ce in ɗaure akuyar a turke kafin in fita. Ni kuwa sauri nake in tafi koyon waƙa, don ranar aka ce ni zan ja baiti, kuma ina ganin duniya ba za ta iya jira ba. Na zagaya igiyar sau ɗaya, ɗaurin da ko ɗan tsako zai kwance da baki, na ruga.

Da na dawo, na tarar da mutanen gida tsaye a tsakar gida cirko-cirko. Akuyar ta kwance ta shiga gonar wake, ta ci jiƙaƙƙen ganye har ta manta da Mahaliccinta. Ga ta kwance, ɓangaren hagu na cikinta ya kumbura ya fi gangar zumuntar mata, tana nishi da ƙyar, harshe a waje.

Baba ya danna cikin, ya girgiza kai, ya dube ni. "Wannan ba za ta kai azahar ba. Kafin ta zama mushe, je ki kira Baffa, ki ce ya zo da wuƙa."

Auta ya riƙe wandon Baba. "Baba, bari in gaya wa Uba tukuna."

Bai jira amsa ba. Ya durƙusa cikin taɓo, ya kama kunnen akuyar da hannu ɗaya, ya rufe ido.

"Uba, ni ne. Akuyata ce ba lafiya, cikinta ya kumbura. Ni ban san maganin ba, Baba ma bai sani ba. Kai ka sani. Ka aiko wanda zai gyara ta. Kuma kada ka daɗe, don Yaya tana da gudu. A cikin sunan Yesu, amin."

Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya ɗauki kwanon ruwan akuyar ya tafi randa. Mama ta tambaye shi me zai yi.

"Idan ta tashi za ta ji ƙishi," in ji shi.

Ni ma na yi tawa addu'ar a hanya, kuma ta fi tasa ado nesa ba kusa ba. Duk manyan kalmomin da na taɓa ji a bakin Fasto sai da na jero su, tun daga Maɗaukaki har Mai Iko Duka. Amma da na saurari kaina da kyau, sai na ji ba akuyar nake roƙa wa ba. Roƙo nake kada a tambayi wanda ya yi ɗaurin. Na kuma ja ƙafa kamar mai ƙaya a tafin sawu, don idan akuyar ta mutu, ban san da wane ido zan kalli Auta ba.

Na iske Baffa yana sa wa shanunsa dusa. Ya wasa wuƙarsa a dutse, sautin yana shiga mini har haƙori, muka taho.

Muna shiga Auta ya tare shi da murna. "Baffa, kai aka aiko?"

"Babanka ne ya aika a kira ni, ɗan jikalle."

"Ba shi nake nufi ba."

Baffa ya tsuguna ya ɗaga wuyan akuyar, inda wuƙa za ta bi. Sai ya dakata. Ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa, ya shinshina bakinta.

"Ɗanyen wake ta ci?"

"Shi ne," in ji Baba.

Baffa ya ajiye wuƙar a kan katanga. "Uwar gida, akwai man gyaɗa?"

Akwai, amma kwalbar da Mama take ɓoyewa ce, wadda ko kallonta ka yi sai ka ba da dalili. Ranar da gudu ta ɗauko ta. Baffa ya sa aka kifa turmi, aka ɗora ƙafafun akuyar na gaba a kai, Baba ya riƙe ta. Baffa ya ɗura mata man a hankali ta gefen baki, ya gicciya mata ɗan itace a baki tana tauna, sannan ya ce mini, "Ke mai ƙarfin gudu, zo ki murza nan." Na murza cikin nan har hannuwana suka daina zama nawa. Auta yana tsaye da kwanon ruwansa, ko gezau.

Can sai akuyar ta yi gyatsa. Ban taɓa jin irinta ba. Kaji suka watse, karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin rumbu, kuma na tabbata an ji ta a tashar Funtua. Ta sake yi, ta sake, cikin yana saɓewa a ƙarƙashin tafin hannuna. Baba ya sake ta. Ta yi tangaɗi, ta tsaya da ƙafafunta huɗu, ta nufi kwanon da ke hannun Auta.

Mama ta rangaɗa guɗa. Baba ya cire hularsa, idonsa a kan Auta.

"Allah ya yi da sauran kwananta," in ji Baffa, yana mayar da wuƙa kube. "Amma kun hana tsoho romo."

"Na gode, Uba," in ji Auta, kamar wanda aka miƙa wa kofin koko. Ya juya wajen Mama ya ce yana jin yunwa.

Kashegari a coci, da aka zo lokacin ba da shaida, Auta ya fita gaba ba wanda ya tura shi. Ya ba da labarin tsaf, har gyatsar sai da ya kwaikwaya, dattawa suna share hawayen dariya. A ƙarshe ya ce, "Kuma na roƙi Uba ya koya wa Yaya ɗaurin igiya, don ita ce ba ta iya ba."

Ashe ya sani tun farko. Ina zaune cikin mawaƙa, duk majami'a ta juyo ta ce amin, har da Baba. Na rufe fuska da littafin waƙa, na ce a zuciyata, "Uba, ni ce. Ka ji dai."

Da yamma Baffa ya leƙo duba mara lafiyarsa, ya zaunar da ni a gindin turke ya koya mini ɗaurin makiyaya. Bana jar akuya tagwaye ta haifa, kuma ni nake ɗaure su duka ukun.