Goggo Madina, Wadda Ba Ta Zama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Goggo Madina, ƙanwar mahaifina, telar da duk matan layinmu na unguwar Congo-Russia suka sani. Ana yayyafi aka kai ta makwancinta. Likitoci sun ce ƙodarta ce ta daina aiki.

Goggo, kin san ni ba mai magana ba ce. Ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai. Amma tun da aka fara zaman makokinki na san akwai maganar da dole in rubuta ta.

Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce, "Allah sarki Madina Soja, mace mai zafin nama, ba ta taɓa zama ba." Haka suke yabonki. A gidan biki ke ce mai rabon abinci, a gidan suna ke ce mai wanke-wanke. In za ki kasuwar Taminus sayen zare, a ƙafa kike zuwa, ki ce Keke Napep na sa ki jiri. Har kafinta kika sa ya ƙara wa teburin kekenki tsawo don ki riƙa ɗinki a tsaye, aka yi ta dariya ana cewa sabon yayi ne. Ke ma kika taya su dariyar.

Ba zafin nama ba ne. Zama ne ba kya iya yi. Shekara da shekaru kina fama da raɗaɗi a gabanki, kamar an ɗora garwashi, ko zane ya goga sai kin cije leɓe. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Ina zuwa shagonki ne saboda littattafan soyayya da kike ɓoye mini a ƙarƙashin ƙyallaye, don Baba ya hana. Ina karantawa a bayyane, kina yanka atamfa. In na zo inda saurayi ya ɗauki budurwa a guje zuwa asibiti saboda ciwon kai, sai ki ce, "Salma, wannan saurayin a wane layi yake? Nemo mini shi." Na ɗauka wasa ne kawai. Ke kika ɗinka mini rigar Sallah bara, kika ɓoye ɗan aljihu a ciki daidai girman littafi.

Fushina na farko da kunya ne, wannan kunyar da kullum ake yabona da ita. In kin je kemis, maza sun cika benci, ba ki iya faɗin inda ke ciwo. Sai ki ce sanyi ne, domin ita ce kalmar da aka yarda mace ta furta. Mai kemis kuwa ba ya tambaya, sai ya miƙo maganin sanyi da na kashe zafi. A asibiti Baba Haladu, mijinki, shi ke magana a madadinki, kina tsaye jikin bango. A yi gwaji a ce babu ƙwayar cuta, shi kuma ya ce, "To alhamdulillahi, kin ji babu komai." Ba mugu ba ne. Amma ya gaskata takarda, bai gaskata ki ba.

Daga nan kowa ya zama likita. Wannan ta kawo jiƙo a jarka, waccan ta ce ki zauna cikin ruwan bagaruwa mai zafi, wata ta ce iska ce. Akwai waɗanda suka koma gefe suna raɗa cewa ciwon banza kika ɗauko. Na gan su jiya, sun zauna a tabarmar farko suna share hawaye. Allah ya yafe mini, ban gaishe su ba.

A watan Yuli na raka ki wani asibiti a Bukuru. A motar haya kika durƙusa kan gwiwoyinki har muka isa, kwandasta yana cewa, "Madam, ki zauna mana, ba coci ba ne." Likitar mace ce, Dakta Zifora. Ta ce in fita, kika ce, "Bar ta ta ji, ita ma mace ce." Ba ta tambaye ki ko sanyi ne ba. Cewa ta yi, "Nuna mini wurin. Yaushe ya fara?" Kika ce bayan haihuwar ɗanki Musaddiƙ ne, lokacin da kika soma shan ƙwayar tazarar haihuwa.

Ta ce ciwon sananne ne, mata da yawa na da shi, kuma ba laifin kowa ba ne. Ta ce akwai masu bincike da ke zargin cewa sauyin sinadaran jikin mace, waɗanda ake kira homon, yana iya tayar da shi ga wasu, ko da yake ba a tabbatar ba, kuma mata da dama na shan ƙwayar lafiya lau. Da an tambaya tun farko, in ji ta, da an gwada sauya maganin, an gwada wasu hanyoyin. Sai ta dubi ƙafafunki da suka kumbura, ta tambayi me kike sha. Da kika lissafa mata ƙwayoyin kashe zafi da jiƙe-jiƙen shekaru, fuskarta ta sauya.

A hanyar gida kika ce, "Ashe ba hauka nake ba." Kina murmushi. Wannan murmushin ne ya fi ƙona mini rai.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma Allah bai ce a bar mace tana ƙuna a tsaye ana tafa mata ba. Tambaya biyu kawai, Goggo! Ina ne, kuma yaushe ya fara. Ba a samu mai yi miki su ba sai da ƙodarki ta gama lalacewa.

Jiya a zaman makoki na lura da Anti Klaudiya, maƙwabciyarki mai sayar da tumatir. An shimfiɗa mata tabarma, an ba ta kujera, ta ce a'a, ta fi son tsayuwa. Ta jingina da bango yadda kike yi. Da ta fita na bi ta har zaure, na ce, "Anti, zama na yi miki zafi ne?" Ta dube ni, idonta ya cika. Ranar Litinin zan raka ta Bukuru.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Haladu, da 'ya'yanki, ƙannena Mahdi da Musaddiƙ, da mahaifina wanda ya rasa ƙanwa, da matan layinmu baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kuma buɗe mana baki da kunne.

Allah ya jiƙanki, Goggo. Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya shi. Ya ba ki shimfiɗa mai laushi a Aljanna Firdausi, ki zauna, ki miƙe ƙafa, ki daɗe a zaune. Amin.

'Yarki,
Salma