Dillalin Shanu da Ajami

Jiya na ji 'yata tana haddar maganganunta na wasan kwaikwayon makarantarsu, sai marigayi Malam, mai kula da ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, ya faɗo mini a rai.

Shekarar da aka yi husufin rana, muna sakandare a Gumel, ya ba ni matsayin dillalin shanu. Ni kuwa allo na fi sabawa da shi, in na ɗauki takardar boko sai in'ina, 'yan aji suna dariya. Shugaban ƙungiya ya ce, "Malam, a canja shi mana, zai ba mu kunya."

Malam ya dube ni ya ce, "Gobe ka zo da tawadarka."

A gindin darbejiya ya feƙe alƙalamin kara, ya rubuta mini maganata duka da ajami, tawada tana ƙamshin ƙaro. Ya miƙo mini ya ce, "To alaramma, sayar mini da sa."

Na buɗe baki, magana ta yi ta zuba kamar a kasuwar Maigatari na tashi. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Na saya! Kowa ya koma wurinsa."

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sauƙaƙa masa amsa tambaya kamar yadda ya sauƙaƙa mini.