Dokar Hana Murya

Da muka buɗe zauren waya na manoman layin ruwanmu, can ƙasan madatsar Goronyo, ni aka ɗora wa riƙonsa, wai don ina koyarwa a Wurno kuma ba ni da saurin fushi. Na biyun nan ƙarya ne. Amfanin zauren ɗaya: kowa ya san ranar da za a sako masa ruwa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, gonarsa ce ta ƙarshe a layin. Kullum sai ya turo saƙon murya mai tsawon huɗuba, ya ce na sama sun shanye ruwa, ya kama suna, ya haɗa har da kakannin mutum. Mutane suka fara fita. Wani ma'aikacin asibiti da ke noman albasa tare da mu ya kira ni, ya ce ko in cire tsohon ko shi ma ya kama gabansa.

In cire kawuna, da wane ido zan dubi innata? Sai na yi dabarar da har na yaba wa kaina. Na kafa doka: ba sauran saƙon murya, komai a rubuce. Na goge nasa sau uku, ya yi shiru. Zaure ya zauna lafiya, ana ta sa mini albarka.

A watan ne aka sauya rabon ruwa, na ƙarshen layi suka tashi daga Alhamis suka koma Talata. Na rubuta sanarwa tsaf, na ga alamar kawuna ya buɗe. Shi kuwa ya ci gaba da zuwa Alhamis yana tarar da hanyar ruwa a bushe, maƙwabtan da ya gama zagi ba wanda ya ce masa uffan. Mako uku a haka, daidai lokacin da albasa ta fi son ruwa.

Na same shi tsugune a gona, ganye duk ya kwanta. Na ce ai na sanar.

"Ajami ni iya, ɗana, kai ma ka sani," ya ce. "Kullum ina buɗewa in ga rubutu. Na aza zagina ku ka yi, mi zan tambaya?"

A bakin gonar na ɗage dokar. Bai ƙara turo komai ba har Allah ya karɓi ransa, bai kuma fita daga zauren ba. Abin yana ci mini rai har yau, don tun ina firamare ni nake karanta masa takardun asibiti. Ranar da na kafa dokar ina sane da cewa bai iya boko ba, ba mantawa na yi ba. So nake ya yi shiru.