Kwamfutar mijin Gwaggo Rabi

"Kullum kafin ta gama tashi an ɗauke wuta," in ji Gwaggo Rabi. Tsohuwar kwamfutar marigayi mijinta take nuna min a gidanta na Sharaɗa.

Na ce, "Gwaggo, ku bari a goge komai, za ta yi sauri."

Caraf ta riƙe hannuna. "A'a! Hotunansa na wurin aiki suna ciki. Su nake zaman jira."

Ban goge komai ba, tarkacen manhajojin da ke tashi tare da ita kawai na kashe.

Ana kawo wuta na kunna, sai ga hoton mijin nata a fuskar kwamfutar, cikin kayan aikinsa na masaƙa yana murmushi.

Gwaggo ta dubi hoton ta ce, "Malam, yau ka yi sammako."

Ku fa, me kuka ajiye da ba za ku bari a goge ba?