Wane Ɗan Wance

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Dokta Salifu, likitan da ya yi aiki a Ƙonni, kuma har yau in na tuna shi addu'a da haushi ke zo mini tare. Addu'ar ba sai na faɗi dalilinta ba. Haushin ne nake so in amayar a wannan shafi, ko na samu sauƙi.

Ni sajfam ce, wato unguwarzomar asibiti, a Malbaza nake aiki a lokacin. Dokta ne ya ƙirƙiro mana wani zama da muke yi ƙarshen kowane wata, mu ma'aikatan lafiya na Ƙonni da Malbaza da Illela. Ba batun allura ko magani ake yi ba. Abin da ke hana ma'aikaci barci ake kawowa: mai sida, wato ƙanjamau, da ya ce kada a gaya wa matarsa, mijin da ya hana a yi wa mai naƙuda aiki, majinyacin da ya ce "to" don kunya aka ɗauka ya yarda. Ana dafa shayi, ana musu har jijiyar wuya ta tashi, a rabu ana dariya. Doka ɗaya ya kafa, kuma ba ya ɗaga ƙafa a kanta: ba a kiran sunan majinyaci. Namiji Wane ne, mace Wance. In bakinka ya suɓuce, kai za ka wanke kofuna, ko da kai ne babba a wurin. Shi ya sa muke ce masa Zaman Wane.

Wata Asabar da damina, a tsakar gidansa, ya ce yau shi ke da magana. Wani Wane ne mutumin Alela, ciwon hanta ya riga ya ci ƙarfinsa, ya kuma san ba tashi zai yi ba. Uwarsa tana ƙauye, tsohuwa mai hawan jini, ta riga ta rufe 'ya'ya biyu, shi ne auta. Tambayar Wane ita ce, ya gaya mata ko ya bar ta?

Majo Garba, shugaban ƙaramin asibitin Badagishiri, bai ma bari an dire ba. "Haba Dokta! Tsohuwa mai hawan jini ka je ka ce mata na ukun ma shina bisa hanya? Ai gawa biyu za a ɗauka. A bar ta da da-sauƙi."

Na ce, "Majo, ku maza ba ku san nono ba. Wagga tsohuwa tana da magana guda da za ta hwaɗa ma ɗanta tun shina ji. Ta ce ta yahe mai nononta. In kun ɓoye mata, ita kunka ƙwace ma, shi ma kun ƙwace mai."

Aka yi mini caa. Wani ya ce aikin likita shi ne kada ya cutar. Wani ya ce sirrin ciwo na mai ciwo ne. Na ce ai mai ciwon ne ya tambaye mu! Dokta yana ta juya kofi a hannu bai kurɓa ba, ya yi murmushi ya ce, "Hajiya Rabi, ke dai kullum wuta." Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi nasa, ni da wata ƙaramar ma'aikaciya kaɗai muka tsaya a kan a gaya mata. Ya ce, "To, an ji. Wane zai bi shawarar jama'a." Muka tashi muka nemi motar gida. Ya rame a lokacin, kowa ya gani, amma ya ce gyambon ciki ne, kuma wa zai yi wa likita musu a kan cikinsa?

Ana cikin girbin gero Dokta ya faɗi a buro, wato ofishinsa, yana aman jini. Ina isa Ƙonni na tarar da Majo Garba a bakin ɗakin da aka kwantar da shi, ya kama hannun rigata kamar yaro ya ce, "Rabi, ashe shi ne Wane." Aka tura mota ƙauye da gudu, amma hanyar Alela da ƙarshen damina kowa ya san ta. Kafin Inna, mahaifiyarsa, ta iso an riga an rufe masa ido.

Ba ta yi kururuwa ba, hawan jinin da aka ji wa tsoro ma bai kayar da ita ba. Ta roƙi a bar ta ta gan shi. Ta dafa goshinsa ta ce, "Auta, na yahe maka nonona, duniya da lahira." Sannan ta juyo ta dube mu da fararen rigunanmu ta ce ya zo mata gida kwanan baya, ta yi masa faɗa don ya ƙi cin tuwo, ta cika masa buhu da wake ta ce ya tafi. "Da na sani da faɗa zan sallame shi?" Ba wanda ya ɗaga kai.

Daga nan Zaman Wane ya mutu. Mun gwada haɗuwa a Illela, amma duk wanda ya buɗe baki zai ce "Wane" sai ya tuna Dokta ya fasa. Wannan ma wani kaico ne a gare ni, domin zaman nan ya rufa asirin mutane da yawa, ya kuma gyara mu. Yau salula ta shigo hannun kowa. Na sha jin ƙaramin ma'aikaci a baranda yana kiran sunan majinyaci da na ciwonsa a waya, 'yan dubiya suna zaune suna ji. Da Dokta na nan, da yaron nan ya wanke kofuna har hannunsa ya yi fari. Ana kiran mu taro a Tawa, a yi ta zuba faransanci a kan haƙƙin majinyaci, a watse ba wanda ya kawo abin da ya dame shi da gaske. Da Dokta zai gani, ban san ko dariya zai yi ko takaici ba.

Bara na tambayi Majo Garba, da ya san Dokta ne, da ya ce a ɓoye? Ya ce, "Subhanallahi! Da ni zan kai shi ƙauyen bisa babur." Na ce to ashe amsarmu ba ta dace da kowane Wane ba, tunda duk Wane autan wata ne. Dokar ɓoye suna mai kyau ce, ba na zaginta. Amma ta sa mun yi hukunci da sanyin zuciya, kamar masu lissafin buhunan siminti. Haushina da Dokta shi ne, mutumin da ya koya mana cewa "to" ɗin kunya ba yarda ba ce, shi ya ce mana "to" ya tashi. Ya yarda da abokan aikinsa fiye da yadda muka cancanta.

Abin da ya bari bai ɓace duka ba. Ma'aikatan da suka zauna da shi, har yau ba za ka ji sunan majinyaci a bakinsu a kasuwa ba. Ni kuwa duk mai ciwon da ya tambaye ni ko ya gaya wa gida, tambayata ta farko ita ce, Wance na raye? Allah Ya jiƙan Dokta Salifu, Ya sa aikin da ya yi wa talakawa ya tsaya masa.

Inna na nan, idonta ya yi rauni. Nakan je gaishe ta bayan girbi. Zuwana na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ku da kunka san aikin, ranar nan da na yi magana, an ji?" Na ce, "Inna, Allah Ya ji." Ta ce, "Wannan na sani. Auta nika tambaya."