Jitar da Ta Yi Cigiyar Bijimi

A Birnin Kebbi in ka ce Arzika mai rediyo, sai an tambaye ka wanne. Amma ka ce Arzika Mai-Cigiya, ko mai tallan albasa zai nuna maka rumfarsa. Sunan ya samo shi ne a wani biki a Argungu, lokacin muna Jihar Sakkwato, ranar da jita mai lantarki da ya gyara ta buɗe baki gaban ango da amarya ta yi cigiyar bijimi.

Arzika ɗan manomin shinkafa ne. Mahaifinsa ya so ya riƙe fartanya, shi kuwa hannunsa ya fi son dalma da waya, don haka ya kafa rumfar kwano a bakin kasuwa yana gyaran rediyo. Yana da hali ɗaya: ba ya yanke ragowar waya. In ta yi tsawo sai ya naɗe ya cusa ciki, wai gobe ma rana ce. Rediyo dai ba ta taɓa kai ƙararsa ba, don ita doguwar waya abinci ce gare ta, da ita take kamo tasha.

Wata rana Simeon ya shigo da jita a kafaɗa. Malamin makaranta ne, mutumin Filato, shi ke kaɗa jita a cocinsu. Ƙanwarsa Dinatu, wadda ya riƙe tun rasuwar iyayensu, za ta yi aure a Argungu, ya kuma yi mata alkawarin zai kaɗa mata waƙar da uwarsu ke rera musu. Sai dai jitar ta gwanjo ce, muryarta siririya kamar ta sauro.

"Malam Arzika, so nake ta yi murya mai kauri, kamar molo," in ji Simeon.

"Ticha, ni ban taɓa gyaran molon Turawa ba," Arzika ya ce. "Amma in da waya cikinta, ai ɗiyar gida ta. Aje."

Da ya kwance ta, ya tarar da maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiya, an naɗe su da waya mai sirantar gashi. Su ke jin rawar tsirkiya su kai wa lasifika, don haka ya sa musu suna kunnuwa. Ya yi ta gwaji har ya gane in naɗi ya yi yawa, murya takan yi kauri. Ya zare wayar jan ƙarfe daga cikin wata matacciyar rediyo, ya tafi gida ya hau keken ɗinkin matarsa Riskuwa, ya ɗaura kunnen a inda ake naɗa zare.

"Malam, mi kekena ya yi maka?" ta tambaya.

"Aro ni kai."

Ƙafarsa ba ta san taka keke ba, waya sai tsinkewa take. Riskuwa ta gaji da kallo, ta ce ya tashi. Ita ta taka, shi ya riƙe waya. Da naɗi ya cika ya tsoma kunnuwan cikin narkakken kakin zuma don kada su yi ƙugi, ya sake maɓallin murya da ya yi tsatsa, ya bi kowane haɗi da dalma. Ragowar waya kuwa, ka san sauran.

A rumfa aka gwada, murya ta fito da kauri yadda Simeon ke so. Ba wanda ya lura cewa kwanon rumfar ne ke tare muryar gidan rediyo.

Ranar biki, bayan an fito daga coci, aka zauna a fili ƙarƙashin dogon yaro. Arzika na cikin baƙi, da kwanon shinkafa da kifi a gabansa. Aka ce ango ya miƙe, ya miƙe, ƙato baƙi mai wuya. Simeon ya murɗa maɓalli har ƙarshe. Kafin ya taɓa tsirkiya, lasifika ta ce da murya a natse: "Ana cigiyar wani bijimi baƙi, mai ƙaton tozo, ya tsinke igiya a wajen Gulma."

Dangin amarya suka fara dariya, dangin ango suka kama musu. Dinatu ta rufe fuska da mayafi. Simeon bai yi dariya ba, ya juyo ya dubi Arzika kawai.

Arzika ya aje kwano ko hannu bai wanke ba. Ya buɗe bayan jitar, ya zaro naɗaɗɗiyar wayar nan, ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya yanke ta ya yar. Ya roƙi takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ya shimfiɗe ramin jitar da ita, ya haɗe da waya, don ta tare muryar gidan rediyo kamar kwanon rumfarsa. Mai sanarwa ya yi shiru. Simeon ya kaɗa waƙar uwarsu, muryar jita ta cika fili, Dinatu ta yi kukan da ya kamata ta yi tun farko.

Ana watsewa wani masunci mai suna Dikko, da ya tsaya kallo, ya ce ai shi ya ga bijimin nan da safe yana kiwo a bakin gulbi. Kashegari sa ya koma gida.

Tun daga ranar Arzika ke yanke ragowar waya, ko da yake yana tara ta a gwangwani. Makaɗan coci da na otal suka riƙa kawo masa jitoci daga Jega da Yawuri, Riskuwa na taka keke. Amma sunan ya zauna. Ko kwanan baya Usmanu mai shayi ya leƙo rumfar ya ce, "Mai-Cigiya, akuyata ta ɓace. A ara mani jita?"

Arzika bai ɗaga kai daga dalmarsa ba.

"Ku yi dariyarku," ya ce. "Amarya ta ji waƙatta, mai sa ya ga sa nai. Cikinku wa yat taɓa gyara guda ya biya buƙata biyu?"