Ƙafar Akuyar Dogara

Shekara arba'in da biyar ke nan da muka binne Dogara a bayan majami'ar ƙauyenmu, kusa da Manchok, damina tana tsaka. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Bana ma da ban rubuta ba, sai dai tsofaffin ɗalibaina sun tsokano ni. Sun haɗu sun gina wa makarantarmu ta Kafanchan sabon ɗakin gwaje-gwaje, kuma wata mai zuwa za su kafa allo a ƙofar ɗakin ɗauke da sunana. Dalilinsu, in ji wasiƙar da suka aiko mini, shi ne "kalmomi huɗu na Malam Ishaya" da darasin ƙafar akuya. To, kalmomin nan ba nawa ba ne, darasin ma ba nawa ba ne. Na Dogara ne, kuma cikin masu ginin babu wanda ya taɓa jin sunansa.

Dogara ɗan ƙanin babana ne. Gida ɗaya muka tashi, na girme shi da shekara biyu, Yaya yake ce mini har ya koma ga Ubangiji. Ni na samu na tafi Zariya na dawo da babbar takardar koyarwa. Shi kuwa babansa ya rasu yana tsakiyar karatu, sai ya tsaya a ƙaramar takarda. A farkon shekarun saba'in aka ɗauke mu aiki a makaranta ɗaya, saboda ana ƙarancin malaman kimiyya. Aka raba mana 'yan aji uku gida biyu, kowa da nasa, muna koyar da bayoloji. Ni ne babba, ni ke riƙe da makullin kabad ɗin da ake ajiye madubin nan na ganin ƙananan abubuwa, guda ɗaya tak a makarantar. A ganina a lokacin, alfarma ma aka yi masa da aka bar shi ya riƙe alli kusa da ni.

Akwai wani babi a manhaja da ke kayar da yara kowace shekara, babin ire-iren naman da aka gina jikin mutum da su da aikin kowanne. Ni yadda aka koya mini haka nake koyarwa. In cika allo da dogayen sunaye na Turanci, yara su kwafa, su haddace, in jera su layi kowa ya leƙa madubi na ƙiftawar ido. Rabin gilasan samfurin da ake sawa a ƙarƙashin madubin duk sun yi hunhuna, yaro ya leƙa bai ga komai ba, ya ce ya gani don kada in yi masa tsawa. Ni kuma in wuce in ce na koyar.

Dogara bai taɓa roƙona makullin ba, wannan ma ya tsaya mini a rai. Babansa ne mai fiɗa a ƙauyenmu duk lokacin watandar Kirsimeti, shi kuma tun yana ƙarami yake riƙe masa ƙafa. Ranar da zai yi babin nan sai ya biya ta wurin mahauta da sassafe, ya sayo ƙafar akuya ta baya da fatarta, ya ɗaure a bayan keke cikin ganyen ayaba. Ya rufe ƙofar aji, ya ajiye Turanci a waje, ya kama Hausa. Na sha laɓewa a jikin taga ina saurare, ina yi kamar takalmina nake gyarawa.

Cewa yake jiki saƙa ne, zarensa kuwa iri huɗu ne kawai: sutura, ɗauri, motsi, saƙo. Sai ya ɗaga fatar ya ce ga sutura, ita ke tsare jiki daga waje, kuma ba a waje kaɗai take ba, tantanin cikin baki da na cikin hanji duk danginta ne. Ya nuna jan naman ya ce ga motsi, tsoka ke nan, wata tana jin umarninka, ta hanji kuwa ba ta neman izininka, ta zuciya kuma ba ta taɓa zuwa hutu. Ya ƙwanƙwasa ƙashi, ya shafa guringuntsin gaɓa mai santsi, ya tsinko kitse, ya ce duk waɗannan ɗauri ne, su ke riƙe jiki kada ya watse. A nan ne zai kama agara ya ja, kofaton mataccen akuya ya motsa, 'yan mata su yi ihu su ja da baya, maza su yi ta rububin su ma su ja. Daga ƙarshe ya buɗa tsakanin tsoka a hankali ya zaƙulo wani farin zare, ya ce ga saƙo, daga ƙwaƙwalwa ya biyo ta laka ya iso nan, in ka yanke shi ƙafa tana nan da namanta amma ba ta ji ba ta motsi. Sai bayan kowa ya taɓa da hannunsa zai juya ga allo ya rubuta sunayen Turancin, kowanne a ƙarƙashin kalmarsa.

Ba zan ɓoye ba, hassada ta ci ni. Yaran ajina suka fara sulalewa suna tsayawa a tagarsa. In mun fito za mu tafi gida, su yi ta rige-rigen tura masa keke, ni kuwa a gaishe ni daga nesa kamar ɗan sanda. Sakamakon jarrabawar ƙarshen zango ya fito, nasa suka bar nawa a baya nesa ba kusa ba. Har matata, da ya zo cin tuwo gidanmu ya ba ta labarin kofaton, ta yi dariya har da hawaye, irin dariyar da ni ban taɓa sa ta ba. Na yi karatun da bai yi ba, na san sunayen da bai iya furtawa daidai ba, amma shi ake so. Ina zaune a majami'a ranar Lahadi ana wa'azi a kan ƙauna, ni ina kallon ƙeyarsa ina jin zafi a ƙirjina.

Waɗanda suka yi makaranta a zamanin sun san dokar. Ba a magana da Hausa ko yaren gida a harabar makaranta, wanda aka kama ya sha bulala ko ya yi yankan ciyawa. Malami kuwa ya koyar da Hausa a aji, wannan babban laifi ne. Kowa ya san abin da Dogara yake yi, kowa ya kau da kai. Sai aka ce sufeton makarantu zai zo daga Kaduna, shugaban makaranta ya ɗora mini zagayawa da shi. Na san ranar ce Dogara zai yi darasin ƙafa da sababbin 'yan aji uku, domin na ga ganyen ayaba a bayan kekensa da safe. Da na so, da na aika a gaya masa. Da na so, da na bi da baƙon ta ɗakin karatu kamar yadda aka tsara. Sai na bi da shi ta bayan ajin, na tsaya, na tura ƙofa da hannuna.

Sufeton ya tarar da malami hannu duk jini, ƙudaje na yawo, yara sun bar kujerunsu sun yi cincirindo, ana ta zuba Hausa. Bai tambayi yaro ko ɗaya abin da ya koya ba. Ya dai tambaya ko nan makaranta ce ko mahauta, ya rubuta abin da zai rubuta. Kafin zango ya ƙare aka mayar da Dogara wata firamare can cikin ƙauyukan bayan Kachia, wurin masu noman citta, inda mota ba ta shiga in ruwa ya sauka. Aka haɗa mini ajujuwan biyu. Na samu abin da nake so, na yi shekara guda yara suna kallona kamar an yi musu mutuwa.

A shekara ta biyu aka canja shugaba, dokar ta yi sanyi. Wata safiya na tsinci kaina a gaban mahauci ina cewa a ba ni ƙafar baya, kada a feɗe. Na yi darasin kalma da kalma yadda na sato shi ta taga. Kofato ya motsa, yara suka yi ihu, daga ranar na zama Malam Ishaya mai kalmomi huɗu. Shekara talatin ina cin wannan suna.

Dogara ya sani. Kirsimetin shekarar muka haɗu a gida wurin watanda, shi ke fiɗa a madadin babansa. Da aka zo rabo sai ya ware ƙafar baya ɗungurungum ya miƙo mini a gaban dattawa.

"Yaya, ga naka. Na ji labari kana yi wa yara darasin. Kar ka manta ka gaya musu jini ma ɗauri ne, ko da yake ruwa ne. Wurin nan ne suna faɗuwa a jarrabawa."

Na duba fuskarsa ina neman gori ko habaici, ban samu ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Na karɓi ƙafar na koma gida ina jin haushinsa fiye da da, domin ko a wurin haƙuri ma ya fi ni. Shekara uku bayan haka zazzaɓi ya kama shi a ƙauyen nan, rafi ya cika ya datse hanya, kafin a samu a fito da shi a kan ƙofar katako zuwa bakin titi ya cika. Ban ce ni na kashe shi ba. Amma a Kafanchan gidansa bai fi tafiyar minti goma da asibiti ba, wannan kuwa na sani.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikata tana buɗe waya ta ga tsokar zuciya tana bugawa da launi, ta juya ta gaba da baya da ɗan yatsa. Ina jin da ya yi murna, ya karɓi wayar ya yi ta wasa da ita kamar yaro, sa'an nan ya ce mata to tashi mu je wurin mahauta ki taɓa. Hausar da aka kore shi a kanta kuwa, yanzu manyan masana ne ke tara jama'a a otal suna cewa a koyar da yara da harshen da suke ji. Ina jin su a rediyo in yi tsaki. Ba su nake yi wa ba.

Makon jiya na je Manchok wurin matarsa, Saratu, ta tsufa idonta ya yi rauni. Na zauna na kwashe komai na faɗa mata, tun daga ganyen ayaba har tura ƙofar. Ta bari na gama.

"Yaya, ai mun sani tun ranar. Yara sun gaya masa kai ne ka buɗe. Ya ce kar in ɗaga maganar, wai in dai darasin yana tafiya, ba komai. Ni dai ban yafe da wuri ba, gaskiya. Na kai shekara goma."

Daga can na kira Dakta Ladi, shugabar kwamitin ginin, wadda yau take fiɗar mutane a babban asibiti kuma take cewa kalmomi huɗun nan ne suka sa ta hanya. Na gaya mata. Ta ce, "Baba Malam, an riga an rubuta allon." Na ce a goge. Ta ce ko a sa sunayen biyu. Wallahi sai da raina ya biya, na ji daɗin shawarar. Sai na ce a'a, nasa kaɗai.

Me ya rage na Dogara? Ba shi da hoto ko ɗaya, kabarinsa ma sai da Saratu ta sa aka nuna mini. Amma akwai likitoci da nas-nas da malamai daga Zangon Kataf har Legas da in sun ga rauni suke lissafa sutura, ɗauri, motsi, saƙo a zuci, ba su san muryar wa suke ji ba. Yanzu za su sani.

Ranar buɗe ɗakin zan sa babbar rigata in zauna a layin gaba kusa da Saratu. In aka yaye ƙyallen aka karanta sunansa aka yi tafi, na san abin da zan ji a ƙirjina, zafin hassadar nan, domin shekara arba'in da biyar bai bar ni ba, ba kuma ranar zai bar ni ba. Zan ji shi, in tashi tsaye, in tafa tare da kowa.